Jininmu Fes Yake

Kalma ɗaya surukina ya faɗa, na riƙe masa ita shekara tara. Ni haka Allah ya yi ni. Ko sunana aka rubuta a takarda sai dai a ce mini ga shi nan, amma wanda ya zo duba ni ina kwance shekara talatin da suka wuce ina sane da shi, wanda ya hango ni ya juya ƙeya shi ma ina sane. 'Ya'yana kan ce, Inna, kanki rumbu ne, abin da ya shiga ba ya ruɓewa.

Ranar da ya faɗe ta ina gidansu, a ɗan lungun da ke tsakanin ɗakinsu da kicin, ina ninke wanki. Auta, 'yata ta ƙarshe, ba ta daɗe da yaye na uku ba. Ƙofar ɗakin ba ta rufu da kyau ba. Mijinta kayan mota yake sayarwa, 'yan layinsu suna ce masa Ɗan Gayu, don ko cikin baƙin mai farar riga yake sawa. Sai na ji ya yi dariya ya ce, "Ke kam yanzu sai dai a yi haƙuri, ƙirjin nan ya zama silifas."

Auta ma ta yi dariya. Irin wadda mace ke yi don kada ta yi kuka. Na san ta, na yi ta a nawa zamanin. Na gama ninkina, na ƙulle maganar a gefen zane, na tafi gida.

Shekara na zagayowa Auta ta yi tafiya, wai za ta saro kayan shago. Kitso take yi, tana da shagonta mai kujera huɗu, da dogon madubi, da ɗan firji a bakin ƙofa. Hannunta kuwa, in ta tsaga kai da kibiya sai ka rantse da zare aka ja layin. Sati biyu ta dawo ba kaya, sai ƙirji a tsaye kamar na budurwa, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da tiren ƙwai.

Na ce, "Auta, wannan ƙirjin wa ya ara miki?"

"Kai, Inna. Roba ce likita ya sa a ciki. Yanzu kowa yi yake."

"Shi ya aike ki?"

"Ni na kai kaina."

"Na ji abin da ya ce miki ranar nan."

Ta sunkuyar da kai tana gyara kan gado wanda ba abin da ya same shi. Daga nan ba mu sake tayar da zancen ba, shekara takwas.

Sai ciwo ya kama Auta, da yatsu ya fara. Ina zaune a shagon wata rana da hantsi, ta buɗe firji ta ɗauko wa wata mai kitso ruwan sanyi. Kafin ta miƙa gorar, kan yatsunta ya yi fari fat kamar an tsoma a toka, can kuma ya rine ya yi duhu. Ta sa su a hammata tana cije leɓe. Ta ce sanyi ne. Bayan wata biyu kibiya ta fara suɓuce mata. Masu kitso suka fara gunaguni, wai kan ba ya kwana uku ya warware. Fatar bayan hannun ta ɗame tana ƙyalli kamar an shafa mai, zoben da ke yatsarta sai da maƙeri ya yanke shi. Bakinta ma ya fara tsukewa, in ta yi hamma ba ya buɗuwa duka.

Kowa na tambaya mene ne wannan. Ni ban tambaya ba. Kallo ɗaya na yi wa hannun nan na gane shi, kamar yadda za ka gane ɗan gidanku a tsakiyar kasuwa ta ƙeya.

Ina da yaya, uwa ɗaya uba ɗaya. Haka nata ya fara, da yatsu. Ya bi hannu, ya bi fuska, ya sauka ƙirji. Yatsunta suka lanƙwashe suka bushe kamar ƙirare. Shekara huɗu ni nake ba ta abinci a baki, ni nake mata wanka, har Allah ya karɓi abinsa. Ita Yaya ko ƙofar asibiti ba ta taɓa gani ba, balle roba. Da aka kai ta makwancinta, mahaifiyarmu ta tara mu ta ce duk wanda ya tambaya a ce zazzaɓi ne. Ta ce in mutane suka ji gidan nan da ciwon gado, 'yan matanmu sai dai su tsufa a ɗaki. Duk 'ya'yana bayan rasuwarta na haife su. Auta abin da ta sani kawai shi ne ina da yaya, zazzaɓi ya kashe ta.

Ni na raka ta asibiti, wajen likitar gaɓoɓi. Mace ce, ba ta fi sa'ar Auta ba, da tabarau rataye a wuya. Ɗakin ƙarami, fanka na juyawa, ga wurin wanke hannu a kusurwa, ga hoton hannun mutum da aka feɗe manne a bango. Ta kama fatar bayan hannun Auta za ta ɗaga, fata ta ƙi ɗaguwa. Ta leƙa gindin farcenta da ɗan gilashi mai fitila. Ta duba takardar gwajin jini ta daɗe.

Ta ce, "Akwai wani zare-zaren nama da ke riƙe da fata da gaɓoɓi da kayan ciki. Garkuwar jikinki ce ta rikice take yaƙarsa, shi ya sa yake taurara. Zan yi tambaya. A danginku, ta wajen uwa ko uba, akwai wanda ya taɓa yin irin wannan?"

Auta ta juyo ta kalle ni.

Na gyara mayafi na ce, "Mu jininmu fes yake, likita. Kakata sai da ta ga jikan jikanta tana sa zare a allura. Ki dai tambaye ta abin da ke cikin ƙirjinta."

Auta ta faɗa mata, murya ƙasa-ƙasa. Likita ba ta yi ko gezau ba.

"To. Wannan tambayar mata da yawa suna kawo mini ita. An yi bincike iri-iri a kan robar nan da irin wannan ciwon. Wasu sun ce sun ga alama, wasu sun duba mata masu ɗimbin yawa ba su ga bambanci ba. Gaskiyar da zan iya faɗa ita ce ba a tabbatar ba. Ina da marasa lafiya masu wannan ciwon da ba su taɓa sa komai ba."

Na ce, "Ba a tabbatar ba, ko ba kwa son faɗa?"

Ta yi murmushi. "Mama, in na sani me zai hana ni faɗa? Cirewa zaɓinta ne, jikinta ne. Akwai waɗanda suka cire suka ce sun ji sauƙi, akwai waɗanda ba abin da ya canza. Ba zan yi alkawari ba. Amma ko an cire ko ba a cire ba, maganin nan yau za ta fara. Ba ya warkarwa, rage wa ciwon gudu yake yi. Abin da nake tsoro huhu ne. Duk wata ina son ganinta."

Za ku ce me ya hana ni magana a nan. Ina da jikoki mata biyar a gidajen 'ya'yana, biyu sun isa aure, ɗaya ma dangin yaron sun fara bincike. Wannan dalili ne, kuma shi na riƙa faɗa wa kaina a motar haya muna komawa. Amma tunda na ɗauko gaskiya bari in sauke ta duka. Maganar nan da na ƙulle a gefen zane shekara tara, ranar na ji ta nuna. In ciwon na jini ne, nawa ne. In na roba ne, na Ɗan Gayu ne. Ni kuwa na riga na zaɓa masa.

A gida 'yar Auta babba ta karanta mana takardar da ke cikin kwalin maganin. Abin da zai iya jawowa ya fi layin wanki tsawo: amai, gudawa, saurin kamuwa da cuta, kaza da kaza. Auta ta tsorata. Ni kuma na samu ƙofa.

Na ce, "Ke, in ƙaya ta soke ki, magani ake shafawa a kai ko cire ta ake yi? Baƙon abu ne a jikinki, jiki yana faɗa da shi. A fitar da shi, faɗa ya ƙare. Ita likitar ba da bakinta ta ce ba ta sani ba? Wanda bai sani ba shi zai ɗura miki guba?"

"Inna, ta ce huhu."

"Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Kawo nan."

Na sa kwalin a jakata. Wallahi har zuciyata na so ya zama robar ce. Na so ƙwarai, har na fara yarda. Na ce ai na Yaya daban, na Auta daban, kama da wane ba ta wane ba ce.

Washegari na tafi shagon surukina. Yana tsakanin tayoyi da batura, farar rigar nan tas. Ya taso da sauri ya durƙusa.

"Inna, da kanki? Da kin aiko ai."

"Saƙon ba na aike ba ne. Silifas ɗin da ka raina, za a dawo maka da abinka."

Ya ɗago. Na ga maganar ta shige shi kamar ƙusa.

"Ka ɗauka bango ba ya ji? Ina bayan ƙofa ina ninke wandunanka. Ta shayar da 'ya'yanka uku, ka saka mata da silifas. Ta je an tsaga ta an cusa mata roba don ta burge ka, yau ga hannunta ya zama itace. Kai ka sa aka sa, kai za ka sa a cire."

"Inna, wasa ne. Wallahi wasa nake. Ban taɓa ce mata ta je ba."

"Magana zarar bunu ce, ɗan nan. Ka zara."

Namiji mai gemu, sai ga hawaye a kan farar riga. Ba zan ɓoye ba, na ji daɗi. Na dawo gida na ci abinci har na ƙara.

Neman likitan da zai cire ya ɗauki lokaci. Na farko ya duba fatar ƙirjin ya ce ta yi tauri, yana tsoron ɗinkin ba zai kama ba. Na biyu ya yarda, amma layinsa dogo. Yau gwaji, gobe hoto, jibi ya yi tafiya. Asibitin likitar gaɓoɓi sun kira waya sau uku, na ce wa Auta kada ta ɗauka, sai mun gama da wannan. Haka muka cinye wata bakwai. A cikinsu ta bar wa 'yan aikinta shagon, don ko mataji ba ta iya riƙewa.

Aka yi aikin lafiya. Likitan ya fito da robobin a cikin wani kwanon roba mai murfi ya nuna mana, ni da mijinta. Abu biyu kamar ƙullin ruwa a leda, suna rawa. Ya ce, "Ga su nan garau, ko ɗigo bai zuba ba." Na taɓa ɗaya da yatsa. Laushi, sanyi. Na so in ga ta fashe, ta ruɓe, ta yi baƙi. Ba abin da ta yi.

Na tare a gidansu don jinya. Kullum da safe sai Auta ta ɗaga hannuwanta wajen taga ta gwada miƙe yatsu.

"Inna, kamar wannan ya ɗan saki ko?"

"Ya saki mana. Ai ciwo shiga yake da gudu, fita da rarrafe."

Bai saki ba. Ɗinkin ya ƙi kamawa sai da ya yi wata biyu yana ruwa. Yatsu suka ƙara lanƙwashewa. Ga wani busasshen tari ya zo, in ta taka daga ɗaki zuwa bayi sai ta dafa bango ta huta. Shi ma tarin na san shi.

Hannuna ne ya tone ni. Da na ga cokali yana faɗuwa daga hannunta, ban yi shawara da kowa ba, na yago ƙyalle na naɗe mariƙin ya yi kauri yadda lanƙwasasshen hannu zai kama. Na ajiye manyan cokula na nemo na shayi, don bakin ya tsuke. Na hana ta kwanciya bayan cin abinci, na jera mata filo uku a baya don kada ya dawo mata wuya. Ruwan wanke hannunta kullum da ɗumi. Na ɗinka mata safar hannu da tsohuwar rigar sanyi. Ba likitan da ya gaya mini ko ɗaya.

Wata rana da azahar hannun ya ƙi ko da cokalin mai ƙyalle, na karɓa ina ba ta shinkafa da na dafa ta yi luguf. Na kawo cokali ta gefen baki, inda ya fi buɗuwa, na karkata shi. Hankalina ya tafi wani wuri. Sai na ji bakina ya ce, "Daure ki ƙara ɗaya, Yaya."

Ta daina tauna.

"Wa kika kira?"

"Tsufa ne. Buɗe."

Ba ta buɗe ba. Ta kalli cokalin, ta kalli ƙyallen da ke ɗaya cokalin a tire, ta kalli safar hannun, ta kalli filon. Auta ba ta da wauta, ni na haife ta.

"Inna, a ina kika koyi duk wannan?"

Na mayar da cokali kwano ina juya shinkafar.

"Yayarki da kika ce zazzaɓi ne. Yaya hannunta yake?"

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Na ajiye kwanon na gaya mata. Yatsun, fuskar, tarin, abin da mahaifiyarmu ta ce. Na kawo zancen jikoki da masu bincike. Ina cikin yi na ji maganar ba ta da nauyi ko a kunnena.

Ba ta yi kuka ba. Idon ma ya bushe, ciwon ya shanye hawayen.

"Ita ma roba ta sa?"

"A'a."

"Ranar nan a gaban likita na juyo na kalle ki. Ke na tambaya, Inna. Da kin ce mini akwai wadda ta yi shi ba roba, da na sha maganin a ranar. Da ko an cire, ina sha ana cirewa. Ina kwalin?"

Yana jakata har lokacin. Na ɗauko, gefensa duk ya murƙushe.

"Shekara nawa ta yi?"

"Auta..."

"Ke da ba kya mantuwa. Shekara nawa?"

"Huɗu."

Ta gyaɗa kai. Ta ce in kira mata mijinta a waya, in sa mata a kunne, in fita.

Su biyu suka koma wajen likitar gaɓoɓi, ni na bi su a baya kamar jela, ba wanda ya ce zo, ba wanda ya ce koma. Aka sa ta hura iska a wani bututu, aka ɗauki hoton ƙirji. Likita ta cire tabarau ta ce, "Ina kuka shiga duk watannin nan? Ciwon ya taɓa huhu. Abin da ya riga ya taurara ba ya dawowa. Sauran za mu yi ƙoƙarin tsarewa."

Auta ta ba ta labarin Yaya, ba ta ko dube ni ba. Ni kuma, don halin mutum jarinsa, sai da na buɗe baki.

"To likita, yanzu dai a faɗa mini. Jini ne ko roba?"

"Mama, har yanzu ba zan iya rantsuwa ba. In wani a dangi ya yi, yakan ƙara hatsari, amma yawancin dangin ba sa yi. Robar kuma na gaya miki ba a tabbatar ba. Yana yiwuwa ba wanda ya jawo shi." Ta mayar da tabarau. "Abin da na tabbatar shi ne wata tara ba magani."

Bakwai na jiran aiki, biyu na jiran ɗinki. Ban iya karatu ba amma na iya ƙirga. Kuma na san a jakar wa suka kwana.

A bakin asibiti na tare Ɗan Gayu. Abin da na ɗora wa mutum a gaban tayoyinsa, dole in sauke masa da bakina.

Na ce, "Abin da na faɗa maka a shago, ban da tabbas a kai."

Ya dube ni. Rigarsa ta yamutse, ga tabon miya a hannu, rabonsa da guga an kwana biyu.

"Kalmar dai na faɗe ta, Inna. Wannan ina ɗauke da ita har kabari. Amma wata tara ina kwana ina tashi da cewa ni na kashe matata. Kina kallona."

Ya buɗe mata ƙofar mota, ya ɗaga ƙafafunta ya sa a ciki.

Ba su kore ni ba. Da sun kore ni da na samu abin riƙewa. Ina nan gidan, ina wanki, ina dafa shinkafar ta yi luguf. Auta tana gaishe ni da safe, ina kwana Inna, lafiya lau, shi ke nan. Ta tara yayyenta ta gaya musu zancen Yaya, ta ce kowa ya faɗa wa 'ya'yansa, duk wadda ta ga yatsunta sun yi fari ta ruga asibiti. Dangin yaron nan masu bincike sun ji, kuma ba su fasa ba. Ko tambaya ba su yi ba. Shekara hamsin muna gadin ƙofar da ba ɓarawon da ke so.

Abinci kuwa ta ce mijinta zai riƙa ba ta. Da azahar yake rufe shago ya dawo. Cokalin da na naɗe na tsince shi a kan jakata, an warware ƙyallen an ninke shi a gefe.

Ni ina lungun nan tsakanin ɗaki da kicin, da kwandon wanki a gabana. Ƙofar har yau ba ta rufuwa da kyau. Ina jin cokali yana bugun haƙorinta, don ta gaba yake kawo shi, kuma babba yake ɗauka. Ina jin ta ƙware tana tari, yana cewa sannu, sannu, yi haƙuri. Ta gefen hagu ake kawowa, a karkata kaɗan, a jira ta haɗiye sau biyu. Na sani. Ba wanda ya tambaye ni.